Duba Kundin Ɗalibi da Ci Gaban Malami a Jami'o'in Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ribar da malamin jami'a ke samu daga duba kundayen digiri na biyu da na uku, ta fuskar ƙarin girma da alawus da yaɗuwar ra'in malami. Ta nuna cewa na ƙarshen ya fi sauran ɗorewa.

1.0 Gabatarwa

Malamai da dama na ɗaukar duba kundi a matsayin ɗawainiyar da ke cinye lokacin rubutunsu. Ƙorafin yana da tushe, ganin yawan ɗalibai da ƙarancin masu dubawa. Sai dai akwai buƙatar auna abin da aikin ke mayar wa mai yin sa.

2.0 Ƙarin Girma da Alawus

Kafin a naɗa malami farfesa, ana aika wallafe-wallafensa ga masana na wajen jami'a su tantance. A jami'o'i da yawa, ana kuma duba yawan ɗaliban da ya yaye a manyan digirori. Bugu da ƙari, kundi mai nagarta kan haifar da maƙalar haɗin gwiwa a mujalla.

Ta fuskar kuɗi, yarjejeniyar 2009 tsakanin Gwamnatin Tarayya da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tanadi alawus na duba kundi, amma jinkirin biyan alawus-alawus na cikin dalilan yajin aikin da ya biyo baya. Don haka kuɗi ba ya cikin ribar da malami zai dogara da ita.

3.0 Yaɗuwar Ra'i

Fagen nazarin Hausa ya bayar da hujja. Littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya shimfiɗa matakan feɗe waƙa, daga salsala zuwa turke da salo. Matakan sun kafu ne saboda ɗalibai sun yi ta gwada su a kan makaɗa daban-daban cikin kundayensu, sannan waɗanda suka zama malamai suka koyar da su a wasu makarantu. Haka aƙidar Hausa cikin Hausa, wadda aka san Farfesa Ɗalhatu Muhammad da ita a Jami'ar Ahmadu Bello, ta ƙarfafa ta hanyar kundayen da aka rubuta da Hausa, domin kowane kundi ya tilasta samar da keɓaɓɓun kalmomi.

Malami ɗaya ba zai iya zaga dukkan garuruwa yana tattara bayanai ba. Ɗalibansa ne ke kawo masa abin da zai gwada ra'insa da shi, ya gyara inda ya gaza.

4.0 Kammalawa

Wannan riba tana da sharaɗi: malami ya karanta kundin da gaske, kada ya liƙa sunansa a aikin da bai yi wa gumi ba. Maƙalar na ba da shawarar jami'o'i su ƙayyade yawan ɗaliban kowane malami, kwamitocin ƙarin girma kuma su riƙa auna ingancin kundayen da aka duba tare da adadinsu.