Hisabi da Gano Ɓoyayyen Kuskure a Ƙasar Damagaram

Tun kafin Faransawa su shiga Zinder a shekarar 1899, su zo da lakwal da lissafinta na boko, ƙasar Damagaram tana da nata ma'abota hisabi, waɗanda ba a yaba musu don saurin ƙidaya kaɗai, sai don iya gane inda lissafi ya karkace alhali kowa yana ganinsa a miƙe. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, lokacin da ayarin Arewa ke sauka a Zango, fatake kuma na bi ta wajen Dogo da Magarya su nufi Kano, wuri shi ne kuɗi, kuma da yake wurin ƙasar Hausa ba a shirya shi a zare, dole ne a zube shi a tabarma a ƙidaya biyar biyar, a yi tsibi tsibi, har a cika keso na wuri 20,000. Wanda ya yi sakaci da tsibi ɗaya ya cuci kansa ko ya cuci abokin cinikinsa, saboda haka maimaita ƙidaya ta zama al'adar kasuwa.

Amma inda wannan tsantseni ya kai matuƙa shi ne zauren malamai, wajen ilmin fara'id, watau rabon gado, wanda ɗalibi ke tararwa a ƙarshen Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil. Rabe-raben da Alƙur'ani ya ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi, kuma malami ba ya taɓa dukiyar mamaci sai ya fara fitar da asalin mas'ala, ya tara rabe-raben duka, ya ga ko sun yi daidai da dukiyar, ko sun haura, ko sun gaza. Idan mace ta rasu ta bar miji da ƴan'uwa mata biyu shaƙiƙai, miji na da rabi, su kuma suna da sulusi biyu, kowane hukunci sahihi ne a kan kansa, amma in an yi asali da 6, miji ya ɗauki 3, mata su ɗauki 4, jimla ta zama 7. Wanda ya ba miji rabinsa cikakke ya tauye matan ba tare da ya sani ba. Maganin da akasarin malamai suka bi tun zamanin Halifa Umar shi ne auli: a mai da asalin 7, ragin ya hau kan kowa gwargwadon rabonsa.

Irin wannan horo ne ke tona asirin hikayar nan ta raƙuma 17, waɗanda aka ce uba ya bar wa ƴaƴansa uku, ɗaya rabi, ɗaya sulusi, ɗaya tusu'i, har wani mai hikima ya ara musu raƙuminsa suka cika 18, suka ɗauki 9 da 6 da 2, ya koma da nasa. Jama'a kan yi mamaki, amma ɗalibin fara'id zai lura cewa rabe-raben uku in an tara su 17 ne cikin 18, watau tun farko ba su cinye dukiyar ba, kuma kowane ɗa ya sami fiye da abin da aka ambata masa, tun da rabin 17 bai kai 9 ba.

Ba abin mamaki ba ne da aljabara ta haɗu da gado, domin littafin da Al-Khawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, babban kasonsa mas'alolin wasiyya ne da rabon dukiya. Ƙasar Hausa ma ta fitar da nata gwani, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina, wanda ya rubuta littafi a kan ilmin hatimi wajen 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Hatimi mai gida tara, na adadi 1 zuwa 9, ba ya inganta sai kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, ya ba da 15, kuma layi ɗaya da ya saɓa ya isa ya rushe aikin duka.

Yau ɗaliban makarantun Zinder da na sauran duniya suna da nasu raƙuman, watau hujjar da ke nuna wai 2 daidai yake da 1. Ana cewa x daidai yake da y; a ninka ɓangarorin biyu da x, a sami x² = xy; a ɗebe y² daga kowane, a sami x² − y² = xy − y²; a warware, a sami (x + y)(x − y) = y(x − y); sa'an nan a soke (x − y) daga dama da hagu, ya rage x + y = y, wanda ke nufin 2y = y, watau 2 = 1. Hanyar gano illar ita ce hanyar mai rabon gado: a koma ga asali, a sa adadi na haƙiƙa a kowane mataki. In x da y duka 1 ne, layin farko gaskiya ne, haka na biyu da na uku, na huɗu kuma yana cewa 2 sau sifiri daidai yake da 1 sau sifiri, wannan ma gaskiya ne. Layi na biyar ne ya fara zama ƙarya. To, ɓarnar tana tsakanin na huɗu da na biyar, inda aka raba da (x − y), alhali sharaɗin farko ya riga ya mai da shi sifiri. Rabawa da sifiri kuwa ba ta halatta a hisabi, domin kowane adadi in an ninka shi da sifiri sifiri yake bayarwa, don haka babu hanyar komawa baya a san adadin da aka fara da shi.

Abin da ya haɗa mai ƙidayar wuri da malamin fara'id da ɗalibin aljabara shi ne ƙin amincewa da mataki don kawai ya saba zama daidai, da dagewa sai an duba ko sharaɗinsa ya cika a wannan mas'alar. Saboda haka muna kira ga malaman lakwal da malaman zaure na Dogo da sauran ƙasar Damagaram, su riƙa ba ɗalibai lissafi mai illa da gangan, su nemi a nuna musu layin da ya ɓaci da dalilin ɓacinsa, kada su wadatu da cewa amsar ba daidai ba ce.