Hoton Bishof Cranmer a Matsayin Shaidar Tarihi

Masu nazarin tarihi sukan dogara ga takardu, amma hoton da aka zana da fentin mai shi ma shaida ne, muddin an san yadda ake karanta shi. Misali shi ne hoton Thomas Cranmer, Babban Bishof na Kantabari, wanda wani Bajamushe mai suna Gerlach Flicke ya zana a kan katako tsakanin 1545 da 1546. Hoton yana Gidan Ajiye Hotunan Mashahuran Mutane da ke Landan.

An naɗa Cranmer a 1533, kuma a shekarar ne ya warware auren Sarki Henri na Takwas da Katarina, abin da ya kai ga raba Cocin Ingila da Paparoma. Sai dai Sarki ya ƙi ikon Roma ne kawai, bai yarda a sāke tsohuwar aƙida ba. A 1539 aka kafa dokar da ta jaddada hana limaman coci yin aure, alhali kuwa Cranmer ya yi aure a asirce a Jamus tun 1532. A 1543 maƙiyansa suka ƙulla masa makirci, Sarki ne ya kuɓutar da shi.

Cikin wannan hali aka zana shi. Yana zaune cikin farar riga da baƙar hula irin ta mukaminsa, ba rawanin bishof, ba sandar girma. A hannunsa akwai Wasiƙun Bulus, a kan teburi kuma littafin Agustin game da imani da ayyuka. Wannan ita ce mas'alar da ta raba Kiristocin Turai: shin imani kaɗai ke ceton mutum, ko sai an haɗa da ayyuka? Abin da baki bai isa ya furta a gaban Sarki ba, littattafan nan sun nuna shi.

Bayan rasuwar Henri a 1547 Cranmer ya fito fili, ya shirya littafin addu'o'i da Ingilishi a 1549. Da Sarauniya Meri ta mayar da ƙasar ƙarƙashin Paparoma, sai aka tilasta masa sa hannu a takardun tuba. Ran 21 ga Maris 1556, a Oksfod, ya janye tubar, aka ƙone shi, ya fara miƙa wa wutar hannun da ya yi sa hannun.

Saboda haka mai nazari ya tuna cewa irin wannan hoto yana nuna yadda mai shi ya so a san shi ne. Wajibi ne a auna shi da takardun zamaninsa kafin a yanke hukunci.