Hannatu: Sunan da Ya Taso Daga Addu'ar Wata Mata a Shilo

Duk gidan da ke da Hanne ko Hannatu, to yana riƙe da guntun Ibrananci ko bai sani ba. Asalin sunan haruffa 3 ne kacal a rubutun Yahudawa: het, nun da he. Tushensa na nufin tagomashi, wato alherin da ake yi wa mutum ba don ya biya ba. Mai jin Larabci zai tuna da hanan, tausayi, don harsunan biyu 'yan uwan juna ne. Daga tushen nan Yohanna ya fito, haka ma Hannibal, jarumin Kartaj da ya ƙetare tsaunukan Alps da giwaye a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa.

Labarin wadda ta fito da sunan yana farkon littafin Sama'ila, wanda malaman tafsiri ke kira Shamwilu, kuma labari ne da ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mijinta Elkana ya fi son ta, amma kishiyarta Feninna ce mai 'ya'ya, ba ta kuwa daina yi mata gori ba. Kowace shekara idan sun je ibada Shilo, sai Hannatu ta yi ta kuka, ta kasa cin abinci. Wata shekara ta tsaya tana roƙo, leɓunanta na motsi amma ba a jin murya, har Eli, limamin wurin, ya zaci a buge take, ya tsawata mata. Ta yi alwashin in ta sami ɗa za ta sadaukar da shi ga bauta. Da ta yaye Sama'ila kuwa ta kai shi da hannunta ta baro shi can. A ganinmu nan ne nauyin labarin yake, fiye da haihuwar kanta.

Malaman Talmud sun ciro hukunci daga tsayuwar nan tata: mai addu'a ya motsa leɓe, kada ya ɗaga murya. Abin da aka zarge ta a kansa shi ya zama ƙa'ida, kuma har yau ana karanta labarinta a ranar farko ta sabuwar shekarar Yahudawa.

Girkawa suka jefar da harafin farko, sunan ya koma Anna, ya bazu a Turai. Wani rubutun Kirista na ƙarni na 2 ya ce sunan mahaifiyar Maryamu ke nan. Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba, matar Imrana ya kira ta, amma masu tafsiri sun ce Hanna, kuma wannan "tu" namu irin na A'ishatu ne, gadon Larabci.

A Isra'ila ta yau yawanci ana karce harafin farko a maƙogwaro, ya fito kamar Khana, a gida kuma a ce Khani. Gidajen masu riƙo da addini ne suka fi raɗa shi, sau da yawa don tunawa da kakar da ta rasu, kamar yadda al'adar Yahudawan gabashin Turai take.

Mu masu rubuta manhaja kuma ta wata hanya muka saba da shi. Hannah da haruffan boko, ta gaba ko ta baya duk ɗaya yake karantuwa, shi ya sa ake yawan ba ɗalibai shi su gwada lambarsu. A Ibrananci gwajin faɗuwa zai yi, don het da he haruffa ne daban.