Tsawon Dare da Furewar Wiwi a Noman Cikin Ɗaki: Sake Nazarin Ƙa'idar Awa Goma Sha Biyu

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matakin da shukar wiwi ke barin yaɗon ganye ta shiga fitar da fure a gonakin cikin ɗaki masu lasisi, musamman na ƙasar Kanada. Manoma sun saba rage hasken fitila daga awa 18 zuwa awa 12 a kullum domin jawo furewa. Maƙalar ta bi tarihin ilimin tsawon yini a tsirrai, ta auna shi da sakamakon gwaje-gwajen baya-bayan nan, ta kuma nuna cewa awa 12 al'adar sana'a ce da aka gada, ba iyakar da halittar shukar ta gindaya ba. Kowane iri yana da nasa ma'aunin dare, kuma rashin auna shi asara ce ta amfani da ta lantarki.

1.0 Gabatarwa

Tun daga 17 ga Oktoba, 2018, lokacin da dokar halatta wiwi ta fara aiki a Kanada, noman wannan shuka ya fito daga ɓoye ya shiga hannun kamfanoni masu lasisi da ɗakunan binciken jami'o'i. A gonar cikin ɗaki babu damina babu rani. Fitila ce rana, na'urar kunnawa da kashewa kuma ita ce kalanda. Manomi yakan bar shuka a ƙarƙashin haske na awa 18 har ta yi rassa ta cika wurinta, sannan rana ɗaya ya mayar da hasken awa 12, duhu awa 12. Cikin makonni biyu zuwa uku na farko shukar takan yi wani irin miƙewa da sauri, daga nan tsawo ya tsaya, fure ya fara taruwa a kan rassa, ya ɗauki kimanin makonni takwas zuwa goma kafin girbi. Wannan tsari ya samo tushe ne a zamanin haramci, sa'ad da masu noman ɓoye a Amurka da Holan ke koyar da juna abin da suka ga yana aiki, alhali an toshe wa masana hanyar gwada shi. Tambayar wannan maƙala ita ce: shin abin da yake aiki shi ne abin da ya fi dacewa? A Nijeriya dai noman wiwi laifi ne a ƙarƙashin dokar 1966, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 kuma tana hukunta shi, don haka bahasin nan na ilimin tsirrai ne da na tsarin noma a ƙasashen da doka ta amince.

2.0 Yadda Shuka Ke Auna Lokaci

Wiwi na cikin tsirran farko da aka gano sirrin auna tsawon yini a jikinsu. A 1912 wani matashin masani Bafaranshe, Julien Tournois, ya lura cewa wiwi da wata 'yar'uwarta ta ƙasar Japan suna saurin yin fure idan aka gajarta musu yini. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci ransa kafin ya zurfafa aikin. A 1920 Garner da Allard na ma'aikatar noma ta Amurka suka tabbatar da ƙa'idar ta hanyar gwaji da wani irin taba mai suna Maryland Mammoth da kuma waken soya, suka raba tsirrai zuwa masu son gajeren yini, masu son dogon yini, da waɗanda ba ruwansu. Sai a 1938 Hamner da Bonner suka juya fahimtar gaba ɗaya, suka nuna cewa shukar gajeren yini duhu take ƙirgawa ba haske ba. Idan aka katse mata dogon dare da ɗan haske na minti guda, sai ta fasa yin fure, amma katse yini da ɗan duhu bai canza kome ba.

Abin da ke gane hasken wani sinadari ne a cikin ganye mai suna fitokurom, wanda masanan Beltsville a Amurka suka fara ganowa a 1959. Jan haske mai tsawon zango nanomita 660 yana mayar da shi siffarsa mai aiki, haske na ƙarshen ja mai nanomita 730 kuma yana komar da shi, haka ma dogon duhu a sannu a hankali. Wannan sinadari yana aiki tare da agogon cikin shuka mai zagayen awa 24, kamar yadda Bünning ya yi hasashe tun 1936. Idan dare ya kai tsawon da ake bukata, ganye yakan aika saƙo zuwa kan toho. A shekarar 1936 ɗin ne Chailakhyan na Tarayyar Sobiyet ya yi hasashen samuwar wannan saƙo, amma sai a 2007 aka tabbatar, a shinkafa da wata ƙaramar ciyawar gwaji, cewa furotin ne da ke bin jijiyoyin abinci daga ganye zuwa toho. Babu ko ɗaya cikin waɗannan ayyuka da ya ce iyakar ita ce awa 12 ga kowace shuka. Abin da suka nuna shi ne akwai iyaka, kuma ta bambanta daga iri zuwa iri.

Manomin ƙasar Hausa ya san wannan bambanci a gonarsa. Gero yakan fid da kai idan kwanakinsa sun cika, ba ya jiran kome, amma maiwa da dawar gargajiya sukan jira sai yini ya fara gajarta. Binciken Curtis kan dawar Nijeriya a 1968 ya nuna cewa irin kowane yanki yana fid da kai daidai da ƙarshen damina ta yankinsa, duk da cewa bambancin tsawon yini a wannan shiyya bai taka kara ya karya ba. Wiwi ma tana da waɗannan gidaje biyu: yawancin irinta suna jiran dogon dare, wasu kuma, irin Finola na ƙasar Finland, suna yin fure bisa shekarunsu kawai. A 2022 masanan Jami'ar Cornell sun gano wurin da wannan hali na rashin damuwa da tsawon yini yake a jerin ƙwayoyin gadon shukar.

3.0 Abin da Gwaje-gwajen Zamani Suka Nuna

Hujja ta farko ta shafi ma'anar furewar kanta. A 2019 Spitzer-Rimon da abokan aiki a cibiyar binciken noma ta Volcani a Isra'ila sun bi tohon macen wiwi da madubin ƙara girma. Sun ga cewa shukar da ta balaga tana fitar da fure ɗai-ɗai a gindin ganye, a kowane gefen sandar ganyen, ko da tana cikin dogon yini. Mai lura zai ga ɗan koren kwanso da siraran gashi biyu farare suna leƙowa daga bakinsa tun ba a taɓa fitila ba. Abin da gajeren yini ke yi shi ne sauya ginin shukar: kan toho ya shiga yin rassa a kan rassa, tazarar gaɓoɓi ta matse, ganye ya ƙanƙance, furanni su cunkushe su zama dunƙule guda. Ke nan rage haske ba kunna fure yake yi daga babu ba, tattara shi yake yi. Idan kuwa al'amarin na mataki-mataki ne, to babu dalilin ɗauka cewa lamba ɗaya ce ke buɗe ƙofa ga kowane iri.

Hujja ta biyu ta fito daga Jami'ar Guelph a Kanada. A 2023 Ahrens da Llewellyn da Zheng sun gwada iri goma a ƙarƙashin yini mai tsawo daban-daban, daga awa 12 zuwa awa 15. Dukkan irin goman sun fara fure har a awa 14, jinkirin da aka samu kuma bai wuce 'yan kwanaki ba. Wasu sun fara ko a awa 15, sai dai furen bai ci gaba ba. A 2024 waɗannan masana suka kai iri biyu har girbi, rabi a awa 12, rabi a awa 13, sai amfanin na awa 13 ya zarce da fiye da kashi 30 cikin 100. Abin lura a nan shi ne ƙarin awa ɗaya a kan sha biyu ƙarin haske ne na kusan kashi 8 cikin 100 kacal, amma ribar ta ninka haka sau da yawa. Wannan ya dace da sakamakon Rodriguez-Morrison da abokan aikinta na 2021, wanda ya nuna amfanin wiwi yana hawa kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin haske har zuwa matakin da ya kusa kai na tsakar rana. Shuka ce mai yunwar haske, amma ranar da aka sauko daga awa 18 zuwa 12 ana yanke mata sulusin abincinta, daidai lokacin da take gina sassan da ake nomanta dominsu.

4.0 Suka da Amsa

Suka ta farko ita ce awa 12 tana da aminci, tana aiki ga kowane iri, kuma kamfanin da ke da iri da yawa a ɗaki ɗaya ba zai so caca ba. Wannan gaskiya ce, kuma akwai hujjar da ke ƙarfafa ta. Binciken Peterswald da abokan aikinsa a Ostireliya a 2023 ya gano cewa awa 14 ta ƙara nauyin fure, ta kuma ƙara sinadarin CBD a irin da ake nomawa dominsa, amma ta rage yawan sinadarin THC a iri biyu da ake nomawa dominsa. Ga mai haɗa magani, wanda dole kowace kwalba ta zo da ma'auni ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai idan aka duba da kyau, wannan sakamako bai kare awa 12 ba. Abin da ya rushe shi ne tunanin lamba ɗaya ga kowa, ko 12 ce ko 14. Maganinsa gwaji ne na 'yan makonni ga kowane sabon iri, a rubuta iyakarsa a takardar bayaninsa kamar yadda ake rubuta kwanakin nunar masara.

Suka ta biyu ita ce ƙarin haske ƙarin kuɗin wuta ne, noman cikin ɗaki kuwa ya riga ya yi ƙaurin suna wajen cin lantarki. A 2012 Evan Mills ya ƙiyasta cewa wannan noma yana cin kusan kashi 1 cikin 100 na lantarkin Amurka. A 2021 masanan Jami'ar Jihar Colorado suka lissafa cewa kowane kilo na busasshen fure yana jawo iskar ɗumama duniya daga kilo 2,283 zuwa kilo 5,184, gwargwadon garin da aka noma shi. Waɗannan alƙaluma masu tayar da hankali ne, amma ma'aunin da ya dace shi ne wutar da kilo ɗaya ya ci, ba wutar da ɗaki ya ci ba. Na'urorin sanyaya ɗaki, da masu tsotse laima, da masu sauya iska suna aiki ko fitila na kunne ko tana kashe. Idan awa ɗaya ta ƙara amfani da sulusi, to kowane kilo ya ɗauki kaso mafi ƙanƙanta na wannan nauyi. Wanda ya damu da muhalli shi ya fi kowa cancantar neman a daina ɓarnar da al'ada ke ɓoyewa.

Suka ta uku ta fi nauyi: gwaje-gwajen kaɗan ne, irin da aka kai girbi ba su da yawa, kuma dogon yini yana iya jinkirta nuna, wanda zai rage yawan girbi a shekara. Wannan ya isa ya hana a ce awa 13 ce sabuwar doka, kuma maƙalar nan ba ta faɗi haka ba. Amma ya kamata a auna ɓangarorin biyu da sikeli ɗaya. Ƙa'idar awa 12 ba ta zo da gwajin kwatanci ba, daɗewa ce kawai ta ba ta daraja. Hujja kaɗan da aka auna ta fi al'ada mai yawa da ba a auna ba.

5.0 Kammalawa

Darasin bai tsaya a ɗakunan Kanada ba. Ghana ta buɗe ƙofar noman wiwi na masana'antu, mai THC da bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, ta dokar 2020 da gyaran majalisa na 2023. A Akara yini bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara, don haka irin da aka saba da dogayen ranakun bazarar Turai zai ɗauki yinin can a matsayin umarnin yin fure tun yana ƙarami, kafin ya yi karan da ake nema domin zare. Binciken Jami'ar Florida na 2021 ya nuna cewa bambancin 'yan mintuna a tsawon yini yana iya sauya lokacin furewar wasu iri. Saboda haka wannan maƙala tana ba da shawarar abu biyu: masu fitar da iri su auna iyakar daren kowane iri su bayyana ta, hukumomin da ke ba da lasisi kuma su nemi wannan bayani kafin su amince a shigo da iri ko a gina gonar da za ta dogara da fitila.