Dogon Direba da Tsohuwar Bedford: Tarihin Kan Mota a Zangon Nima

Yau hirarmu ta kai mu Accra, birnin da mutanenmu ke kira Ankara, unguwannin Nima da Maamobi. Ka san kuwa dabba ce ta kafa Nima? A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, dillalin shanu, ya sami filin daga hannun 'yan ƙasa Ga, ya mai da shi zangon shanu. Inda shanu da goro suka taru kuwa, mota ba ta daɗewa ba ta iso ba.

Motar da ta yi zamani a wannan hanya ita ce Bedford, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1931. Sau da yawa ba a kawo ta cikakkiya. Abin da ke sauka daga jirgin ruwa shi ne ƙashin mota da inji da tayoyi da sitiyari. Sauran aikin kafinta ne: shi zai kafa bodin katako, ya yi rufi, ya buga bencin direba.

To, ka ga inda dogon mutum ya sami sa'a. Sitiyari da birki da kuloci suna nan inda kamfani ya dasa su, ba su matsawa. Amma bencin da rufin a hannun kafinta suke. Zai iya jan bencin baya, ya ɗaga rufin, har gwiwa ta daina dukan sitiyari, kai ya daina gaisawa da katako a kowane rami. Sai dai duk tazarar da aka ƙara wa direba, daga wurin kaya aka yanko ta. Mai mota na lissafin huhun goro, direba na lissafin bayansa. A nan ake ciniki.

Da motocin kan ƙarfe suka yawaita, irin su Mercedes 911, sai labari ya canza. Bangon bayan kujera ƙarfe ne, zarto ba ya cin sa. Aiki ya koma hannun makanikai da masu walda, irin na Suame Magazine a Kumasi. Dabararsu ita ce rage kaurin majinginar kujera, da sauke ƙafafunta kaɗan, da sake huda wurin ƙusoshi don ta ja baya. Amma in an sauke ta fiye da kima, direba ba zai ga abin da ke gaban hancin motar ba.

Kada ka ɗauka maganar jin daɗi ce kawai. Ƙafar da ta maƙale ƙarƙashin sitiyari ba ta saurin tashi daga totur zuwa birki. Wanda ya taso daga Paga ko Bawku a takure, kafin ya kai Kumasi cinya ta sage, ga kuwa shanunka a baya.

Saboda haka, ɗan'uwa, ran da za ka yi lodi, bayan ka duba taya da birki, leƙa kan motar ka ga zaman direba. In ka ga gwiwarsa na gogar sitiyari, ka yi magana tun kuna tasha. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.