Jogin: Sassarfar da Ta Fara a Matsayin Magani

In ka taɓa fitowa bayan sallar asuba a Bukkuyum ko Nasarawar Burkullu, ƙila ka ga samari masu shirin shiga soja ko ɗan sanda suna sharara gudu a gefen titi, gumi sharkaf. Tambaye su, za su ce maka jogin suke yi. To, a asalin kalmar, wannan ba jogin ba ne fa.

Turawan Ingila sun daɗe da kalmar jog, kuma da ita suke kiran tafiyar dokin da ya wuce taku amma bai kai sukuwa ba. Ka ga ke nan muna da tamu tuntuni: sassarfa. Duk alhajin da ya yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya san ta, a daidai korayen fitilun nan.

Yadda ta koma sunan motsa jiki kuwa, sai mun je New Zealand. Can aka yi wani koci, Arthur Lydiard, wanda yaransa biyu, Peter Snell da Murray Halberg, suka ci zinare a gasar Olympics ta Roma a 1960. A 1962 aka kafa ƙungiyar 'yan jogin a birnin Auckland bisa koyarwarsa. Akasarin mutanenta magidanta ne masu teɓa, wasu ma sun taɓa samun bugun zuciya. Ba tsere ya tara su ba.

A ƙarshen wannan shekara Bill Bowerman, kocin Jami'ar Oregon ta Amurka (shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Nike), ya kai ziyara ya bi su. Mutumin da ke horar da zakaru, sai ga shi yana haki a baya, wani dattijo mai shekara sama da 70 yana rage gudu don ya jira shi. Abin ya tsaya masa a rai. Da ya koma gida ya haɗa kai da likitan zuciya Waldo Harris, suka fitar da littafi mai suna Jogging a 1967, aka sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya.

Ma'aunin da aka gada daga wancan zamani mai sauƙi ne. In kana iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya sarƙe ba, jogin kake. In magana ta gagara, ka shiga gudu. Dalili kuwa, a wannan saurin iskar da huhu ke shaƙa tana wadatar da tsokoki, zuciya na aiki ba a takure ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Manomin da ya wuni da fartanya, ko matar da ke daka da ɗiban ruwa, sun cika nasu har da ƙari. Mai zaman shago da ɗan acaɓa da ma'aikacin sakatariya su ne abin ji.

Amma kada ka ɗauka sassarfa laya ce. Jim Fixx, wanda littafinsa na 1977 ya ƙara yaɗa gudu a Amurka, ya faɗi ya mutu yana gudu a 1984, yana da shekara 52. An tarar jijiyoyin zuciyarsa sun toshe, kuma ciwon zuciya ne ya kashe mahaifinsa yana ɗan 43. In ka haura 40, ko akwai hawan jini a gidanku, fara zuwa asibiti a auna ka kafin ka ɗaura takalmi.