Manomi, Tukunya da Haraji: Tarihin Man Barasa a Amurka

Abin da Turawa su ke kira itanol shi ne ruhun barasa, watau ruwan nan garau mai kama wuta wanda a ke fitarwa daga giyar hatsi ko ta rake. Sunan da su ka fi saninsa da shi, alkohol, daga Larabci ya fito, daga al-kuhl, watau kwalli. Masu haɗa magani na Turai su ka ari kalmar su ka laƙaba wa kowane gari mai laushi, sannu a hankali ta koma sunan abin da a ka tace ya zama tsantsa. A ƙasar Amurka an ƙona shi a fitila tun ba a haƙa rijiyar mai ba. Abin tambaya shi ne, me ya hana manomin ƙasar, ga shi da masara, ga shi da tukunya, ya riƙa yi wa kansa man mota?

Yadda a ke yinsa ba asiri ba ne. A kan niƙa masara, a dama da ruwa, a dafa, sa'an nan a zuba tsiron hatsi domin ƙullun ya yi zaƙi. In ya huce sai a sa yisti, a bar shi kwana biyu ko uku ya tsima, har barasar ta kai misalin kashi 10 cikin 100. Daga nan sai a zuba cikin tukunya rufaffiya mai bututu, a hura wuta. Barasa ta kan tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai a 100, saboda haka tururin da ya fara tashi ya fi yawan barasa. Shi ne zai bi bututu ya huce, ya ɗiga cikin gwangwani. Dusar da ta ragu a ba shanu.

Manoman Amurka sun san wannan aiki tun dā, gama ya fi sauƙi a kai hatsi kasuwa ya na barasa cikin ganga da a kai shi cikin buhu. Sa'ad da gwamnati ta ɗora wa barasa haraji a 1791, manoman yammacin Pensilbaniya su ka yi tawaye, har Shugaba George Washington ya tara mayaƙa a kansu a 1794. 

A 1826 wani mutum wai shi Samuel Morey ya ƙera ɗan inji mai aiki da tururin barasa da tarpentin, watau man ƙaron itace. Wannan haɗin kuwa shi ne man fitilar gidaje da yawa a zamanin. Sai abu biyu su ka auku kusa da juna. A 1859 Edwin Drake ya haƙa rijiyar mai a Titusville, kananzir ya shigo kasuwa. A 1862 kuma, domin neman kuɗin yaƙin basasa, a ka sa wa barasa haraji, a na ta ƙarawa har ya kai dala 2 a kan galan kafin yaƙin ya ƙare. Dokar ba ta bambanta ta sha da ta fitila ba. Nan da nan kananzir ya cinye kasuwa.

Sai a 1906, zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, a ka ɗauke harajin daga barasar da a ka zuba wa abin da zai hana a sha ta. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, gama tun 1901 rijiyar Spindletop a Texas ta ɓarke, fetur ya yi araha. Henry Ford, wanda ya fitar da motarsa Model T a 1908, ɗan manomi ne, kuma ya sha faɗa cewa barasar tsire-tsire ita ce man gobe. Duk da haka da fetur masu motocinsa su ka yi ta tafiya. Daga 1920 zuwa 1933 kuma a ka haramta barasar sha a ƙasar duka, wanda a ka gan shi da tukunya a gona sai kotu. A cikin shekarun nan ne, a 1921, Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano wani haɗin dalma ya na hana inji ƙwanƙwasa, aikin da barasa ma ta ke yi in an gauraya ta da fetur. Dalma a ka zaɓa, a ka yi shekaru da dama a na shaƙar gubarta. A shekarun 1930 an buɗe ma'aikata a Atchison ta Kansas, ta na sayar da haɗin barasa da fetur da sunan Agrol, amma ba ta jima ba ta rufe.

Maganar ta sāke tasowa a 1973, sa'ad da ƙasashen Larabawa su ka hana sayar wa Amurka mai, ta kuma ƙaru a 1979 bayan juyin mulkin Iran. A 1978 a ka yafe harajin santi 4 a kan galan na fetur mai barasa kashi 10 cikin 100. A 1980 a ka sauƙaƙa samun lasin, musamman ga mai ƙaramar tukunya, bisa sharaɗin ba za a sha ba. Manoma da yawa su ka kafa tukwane a rumfunansu. Ga makanikai aikin kaɗan ne: a buɗa ramin mai na kafireta, a gyara lokacin tartsatsin fulogi, a sāke robobin da barasa ke ci.

To, yanzu da doka ta buɗe ƙofa, sai wahalar aikin kanta ta bayyana. Ta farko, tukunya ko wace iri ba ta iya wuce kashi 95 ko 96 cikin 100. Sauran ruwan ba ya fita da wuta. Irin wannan ta kan tuƙa injin da a ka gyara dominta, amma in an gauraya ta da fetur, musamman da sanyi, sai su rabu cikin tanki. Ta biyu, ƙarfin galan na barasa misalin sulusi biyu ne na ƙarfin galan na fetur, saboda haka mota ta fi sha. Ta uku, da asubar hunturu inji ba ya tashi da ita da sauƙi. Ta huɗu, wutar dafawa ma saye a ke yi, kuma ƙaramar tukunya ta fi babba ɓarnar zafi, ga haɗarin gobara. In manomi ya lissafa masara da wuta da kwanakin da ya ɓatar, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Da farashin mai ya faɗi warwas a 1986, yawancin tukwanen su ka mutu.

Barasar kanta kuwa ta ci gaba. Dokokin 2005 da 2007 su ka tilasta wa kamfanonin mai gauraya ta da fetur, har ya zama yawancin fetur da a ke sayarwa a Amurka yau ya na da kashi 10 cikin 100 nata. Manyan ma'aikatu ne ke yinta, su na fitar da misalin lita 10 daga kilo 25 na masara, su na da na'urar tsotse sauran ruwan. Waɗansunsu ƙungiyoyin manoma ne su ka haɗa jari su ka gina. Lasin ƙaramar tukunya ya na nan har yau ga mai so, amma manomin da a dā ya yi niyyar cika tankinsa daga rumfarsa, yanzu masara ya ke kai wa ma'aikata, ya sayo dusa ga shanunsa, ya tsaya gidan mai kamar kowa.